Kafin ka goya injin feshi: yadda ake binciken gonar masara idan tsutsa ta shiga

Mutum ya shiga gonarsa da sassafe, ya tarar da ganyen masara a yayyage kamar awaki sun bi ta kai. Gabansa ya faɗi, kafin rana ta take ya sayo magani ya goya injin feshi. Bai tsaya ya buɗe ko tushe ɗaya ya ga abin da ke ciki ba. Wani lokaci ya dace. Sau da yawa kuwa tsutsar da ta yi ɓarnar ta riga ta ƙoshi ta sauka ƙasa tun shekaranjiya, sai maganin ya ƙare a kan tururuwa da ƙananan zanzaro, waɗanda da ma su ke taya shi yaƙin.

Tsutsar da ake magana a kai ita ce masana ke kira Spodoptera frugiperda, a bakin malaman gona kuma za ka ji ana ce mata amiwom. Asalinta nahiyar Amurka ce. A farkon 2016 masu bincike na IITA, cibiyar binciken noma mai hedkwata a Ibadan, suka tabbatar da ɓullarta a Afirka ta Yamma, cikin shekara biyu ta game kusan duk ƙasashen kudu da Sahara, ta isa Indiya a 2018, Sin a 2019, Ostireliya a 2020. An lissafa tsirrai fiye da 350 da take iya ci, amma masara ce ta fi so. Ta zo ke nan, ba ta da niyyar komawa. Abin da ya rage wa manomi shi ne ya iya irin binciken da masana ke yi a filin gwaji: ya duba, ya ƙirga, sannan ya yanke shawara.

Mataki na ɗaya: ka san kwanakinta

Duk abin da zai biyo baya ya rataya ne a kan lissafin kwana, don haka sai ka riƙe shi.

Uwar wani malam-buɗe-littafi ne na dare, mai launin toka-toka, wanda iska ke iya kai shi tafiyar kilomita 100 a dare guda. Tana zuba ƙwai a dunƙule a jikin ganye, 100 zuwa 200 a wuri ɗaya, ta lulluɓe su da wani gashi-gashi mai kama da ƙurar auduga. A tsawon rayuwarta takan yi ƙwai dubu ko fiye. Idan ana zafi, kwana 2 zuwa 3 sun isa su ƙyanƙyashe. Tsutsar kan yi kamar mako biyu zuwa uku tana ci, tana saɓa har ta bi matakan girma shida, daga 'yar ƙarama da ba ta kai milimita 2 ba zuwa mai tsawon santimita 3 ko 4. Daga nan ta sauka ta shige ƙasa, zurfin santimita 2 zuwa 8, ta zama ɗan kwanso ja-ja, bayan kamar kwana 8 zuwa 10 ta fito da fiffike. Zagayen gaba ɗaya wata guda ne a lokacin zafi, ya fi haka idan da sanyi.

Ga abin da ya fi muhimmanci a cikin wannan lissafi. Matakai ukun farko na girmanta, abin da take ci bai taka kara ya karya ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na duk abincin da za ta ci a rayuwarta, a matakin ƙarshe take cin shi, cikin 'yan kwanaki kafin ta sauka ƙasa. Wato lokacin da ɓarna ta fi ɗaga maka hankali shi ne lokacin da tsutsar ta fi wuyar kashewa, kuma ta kusa tafiya da kanta. Lokacin da take da sauƙin kashewa kuwa, sai wanda ya sunkuya ya duba ne zai san tana nan.

Mataki na biyu: ka tabbatar ita ce

Ba kowane ganye mai huji ko mai ɗorawa ba ne aikin wannan tsutsa, kuma maganin ƙwari ba ya warkar da yunwar taki.

Fara da tsayawa a bakin gona ka dubi yadda matsalar ta kwanta. Idan ta game ko'ina daidai wa daida, ko ta bi layi miƙe kamar an ja da zare, ko ta tsaya a kwari inda ruwa ke kwanciya, to ka fi zargin ƙasa, ko taki, ko ruwa, ko maganin ciyawa da iska ta kwaso. Ƙwari da cututtuka sukan fara ne tsilla-tsilla, nan da can, sannan su yi ta faɗaɗa.

Sai ka matso kusa. Wurin dubawa shi ne mazurarin masarar, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe. Ƙananan tsutsotsi ba sa iya huda ganye, kankare fuska ɗaya suke yi su bar wata fata siririya fara, idan ka ɗaga ta saitin rana sai ka ga haske ta ciki kamar tagar gilashi. Manya su ne ke yin huji masu yagaggen baki, su cika mazurarin da kashi mai kama da garin katako da ya jiƙe. Taɓa kashin da yatsa. Idan da danshi, tsutsar na ciki. Idan ya bushe, wataƙila ta tafi.

Buɗe ganyen a hankali ka zaro ta. Alama biyu ke raba gardama. A goshinta akwai zane mai haske kamar harafin Y da aka kifa. A gaɓa ta biyun ƙarshe kuma, kusa da wutsiya, akwai ɗigo huɗu baƙaƙe da suka jeru murabba'i. Launin jikinta kada ya ruɗe ka, yakan zo kore, ko ruwan ƙasa, ko baƙi-baƙi. Kuma da wuya ka sami manya fiye da ɗaya ko biyu a tushe guda, domin suna cin junansu.

Akwai waɗanda ake rikita ta da su. Tsutsar cikin kara takan bar ƙananan huji a jere, a gicciyen ganye, kamar an soka allura a naɗaɗɗen tsumma sannan aka warware shi. Daga baya ta shige cikin karan, tsakiyar shukar ta bushe alhali ganyen gefe na nan kore. Tsaga karan za ka ga hanyarta. 'Yar uwar amiwom ta Afirka, Spodoptera exempta, ita a runduna take tafe, ta fi duhu, ta cinye ganye a fili har sai jijiyar tsakiya ta rage, ba ta cika ɓuya a mazurari ba.

Idan kuma babu huji, launi ne ya sauya, to duba wane ganye ya fara. Ƙarancin naitirojin, sinadarin da ke cikin yuriya, daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa, ɗorawar ta taso daga bakin ganye ta bi jijiyar tsakiya da siffar V. Ƙarancin fotashiyam shi ma ganyen ƙasa yake kamawa, amma gefe-gefen ne ke ƙonewa, tsakiya na nan kore. Ƙaramar masara da ta yi shunayya galibi fosfaras take nema. Farin zane mai faɗi a sabon ganye, hagu da daman jijiya, alamar ƙarancin zinki ce. Siraran layuka masu yankewa da ke bin tsawon ganye kuwa, tare da tsumburewa, cutar bairos ce ta zanen masara, wadda wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai tsalle ke yaɗawa, kuma shukar da ta kamu babu feshin da zai dawo da ita. Masarar da ta ƙi girma tana yaushi ko da ƙasa da laima, tona gindinta ka duba saiwa, domin wuta-wuta tana gama rabin ɓarnarta a ƙarƙashin ƙasa tun kafin a ga furenta.

Idan abin ya shige maka duhu, kai wa malamin gona ko wata cibiyar bincike samfur. Tuge shukar da saiwarta, wadda ta fara kamuwa, ba wadda ta riga ta mutu ba, ka haɗa da lafiyayya guda don kwatance. Naɗe su a takarda busasshiya, kada ka zuba ruwa, kada ka ƙulle a leda ka bari a rana, kafin gobe fumfuna za ta rufe alamar da ake nema. Tsutsa kuma a saka ta a 'yar kwalba da sifirit. Rubuta irin da ka shuka, ranar shuka, takin da ka sa, da duk maganin da ka riga ka fesa.

Mataki na uku: zagayen ƙirga

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma rabin awa zuwa awa ɗaya ya ishe ka. Ka fara tun masara na da ganye biyu ko uku, aƙalla sau ɗaya a mako, sau biyu idan ka ji ta ɓulla a gonakin maƙwabta. Sassafe ko yamma sun fi, lokacin tsutsar ba ta lafe can ƙasan mazurari ba. Abin da za ka riƙe: littafi, biro, da gilashin ƙara girman abu idan kana da shi. Kyamarar waya ma tana yi.

Shiga ciki kamar mita biyar daga bakin gona, domin gefe ba ya wakiltar tsakiya. Ka ratsa gonar da tafiya mai siffar W, ka tsaya a wuri biyar: mafari, kusurwoyi uku, da ƙarshe. A kowace tasha ka duba tushe goma a jere a kunya ɗaya. Ka lura, a jere. Ido yana da son zuciya, idan ka bar shi ya zaɓa zai kai ka kan mafi lalacewa, ƙirgarka ta fito da ƙari. Ni nakan jefa ɗan dutse ta bayan kafaɗa, tushen da ya faɗa kusa da shi daga nan nake farawa.

A kowane tushe, sabbin ganye biyu zuwa uku na sama kawai za ka duba, da cikin mazurari. Tsohon huji a ganyen ƙasa tarihi ne, kada ka sa shi a lissafi. Tambayar guda ce: akwai sabuwar ɓarna ko tsutsa mai rai a nan, ko babu? Idan akwai, ja sanda ɗaya a littafi. A gefe kuma ka rubuta girman tsutsotsin da ka gani, ƙanana ne ko manya, da yawan dunƙulen ƙwai.

Ka kuma rubuta abokai. Dunƙulen ƙwan da ya rikiɗe ya yi baƙi ƙirin ya ƙi ƙyanƙyashewa, mai yiwuwa wani mitsitsin zanzaro irin su Telenomus remus ya riga ya zuba nasa ƙwan a ciki. Tsutsar da ka tarar ta sandare, jikinta ya yi fari ko kore kamar an barbaɗa gari, naman gwari ne ya kashe ta. Wadda ta yi laushi tana reto da kai ƙasa, bairos ne. Ƙwaron nan mai almakashi a wutsiya da ke ɓuya a gindin ganye, ƙwai da ƙananan tsutsa yake ci. Gonar da ke da irin waɗannan tana da masu gadi.

Idan masara ta fitar da furen kai, mazurari ya ƙare, tsutsar ta koma gindin ganye da goyo. A lokacin tafiyar W ta yi wuya, sai ka bi kunyoyi kana hawa kana sauka kamar tsani, kana duba geza da gefen goyo.

Masu amfani da tarkon ƙamshi, wanda ke jawo mazan malam-buɗe-littafin, su sani cewa tarkon gargaɗi ne kawai. Yana gaya maka baƙi sun iso, ka ƙara yawan zagaye. Ba ya gaya maka ka yi feshi.

Mataki na huɗu: lissafi da shawara

Tushe hamsin ka duba. Ninka adadin sandunanka sau biyu, ka sami kashi cikin ɗari. Tushe 12 ke nan kashi 24.

Ma'aunin da masu binciken CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, da abokan aikinsu suka bai wa ƙananan manoma a 2018 shi ne kamar haka. Daga tsiro zuwa ganye shida, a ɗauki mataki idan kamuwa ta kai wajen kashi 20, wato tushe 10 cikin 50. Daga ganye bakwai zuwa fitar furen kai, sai ta kai wajen kashi 40. Dalilin bambancin shi ne babbar masara tana da juriya: tana iya rasa ganye mai yawa ta mayar, muddin tsutsa ba ta taɓa idon tsiro ko goyo ba.

Waɗannan lambobi ba aya ba ce. Su kansu masu binciken sun ba da tazara, kashi 10 zuwa 30 a farko, 30 zuwa 50 daga baya. Kai za ka dubi sauran abubuwa. Idan hadari ya haɗu, dakata, ruwan sama mai ƙarfi yana wanke ƙananan tsutsotsi ya nutsar da wasu a mazurari, kuma zai wanke maganinka ma. Bayan ruwan ka sake ƙirga. Idan yawancin waɗanda ka gani manya ne masu kusan santimita uku, ka makara a wannan zagayen, kuɗin magani zai tafi a banza, gara ka jira 'ya'yansu ka tare su tun suna ƙanana. Idan masarar na fama da fari ko yunwa, juriyarta ta ragu, sai ka sauko da ma'aunin.

Mataki na biyar: abin da hannu zai iya

A ƙaramar gona, murtsuke dunƙulen ƙwai da yatsa sau biyu a mako a makonnin farko aiki ne mai riba ƙwarai: murza ɗaya ta kashe tsutsa ɗari ko fiye. Manoma da yawa na zuba yashi, ko ƙasa, ko toka a mazurari. Sakamakon gwaje-gwaje a kan wannan ya sha bamban daga wuri zuwa wuri, kuma toka zalla idan ta yi yawa tana ƙona ɗanyen ganye, saboda haka ka gwada a 'yan kunyoyi tukuna.

Ruwan 'ya'yan darbejiya yana aiki a kan ƙanana. Ana daka gram 50 na ƙwayar cikin 'ya'yan ga kowace lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da tsumma mai laushi don kada ya toshe bakin inji, a ɗiga ɗan ruwan sabulu. Ba ya kashewa nan take, hana ta ci yake yi da hana ta saɓa, kuma rana na lalata shi cikin 'yan kwanaki, don haka sai an maimaita. Haka ma magungunan da aka yi da ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaitawa Bt: sai tsutsa ta ci, kuma ƙarama ta fi jin su.

Na kakar baɗi kuma, a yi shuka da wuri kuma lokaci guda da maƙwabta, domin gonar da ta makara ita ke karɓar duk malam-buɗe-littafin da sauran gonaki suka ƙyanƙyashe. Haɗa masara da dangin wake yana rage kamuwa. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Kenya tare da cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila sun ɓullo da dabarar kora-da-jawowa tun shekarun 1990, inda ake shuka Desmodium, wani tsiro dangin wake, tsakanin layukan masara, a kewaye gonar da ciyawar Napier ko Brachiaria. Don tsutsar kara da wuta-wuta aka ƙirƙiro ta, daga baya aka ga tana rage amiwom sosai a gonakin Afirka ta Gabas.

Mataki na shida: idan feshi ya zama dole

Kada ka sayi magani da sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban kwalba. Juya ta ka karanta sunan sinadarin da ke ciki, da ko an yi masa rajista don masara a ƙasarka. Kwalba biyu masu suna daban sukan ƙunshi abu ɗaya. Ana kasa magungunan ƙwari rukuni-rukuni gwargwadon yadda suke kashewa, kuma kamfanoni da yawa na buga lambar rukunin a takardar: emamectin benzoate rukuni na 6, spinetoram na 5, chlorantraniliprole na 28, lambda-cyhalothrin da danginsa 3A. Wannan tsutsa ta yi suna wajen sabawa da magani, musamman tsofaffin rukunai irin 3A da 1B. Idan ka yi amfani da rukuni ɗaya a wannan wata, wata mai zuwa ka sauya lamba, ba sunan kwalba ba. Dubi kuma zanen launi a gindin takardar: ja shi ne mafi haɗari ga mutum, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Mai feshi da injin goyo ba shi da abin yi da mai jan zane.

Kafin ka haɗa magani, auna injinka da tafiyarka, abin da kusan kowa ke tsallakewa. Auna fili mita 10 sau mita 10 a cikin gonar. Zuba ruwa zalla lita biyar a tanki, ka fesa wannan filin da irin takun da za ka yi a aikin gaske, ka auna abin da ya rage. A ce lita biyu ta tafi. Hekta ɗaya ta ninka wannan fili sau 100, ke nan lita 200 kake bukata, wato tanki 12 da rabi idan tankinka mai lita 16 ne. Idan takardar ta ce mililita 200 a hekta, raba 200 gida 12 da rabi: mililita 16 a kowane tanki. Auna da sirinji. Murfin kwalba ba ma'auni ba ne, kuma ƙara "ɗan kaɗan don ya fi ƙarfi" ba ya ƙara komai sai asara da guba.

Yi feshi da yamma liƙis ko da sassafe, lokacin iska ta kwanta, tsutsa ta fito ci, ƙudan zuma kuma ba sa yawo. Saita bakin injin a kan mazurarin kowane tushe, ruwan ya gangara ciki. Wanda ke kaɗa sanda sama-sama yana wanka wa ganye, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sa riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmin roba, safar hannu ta roba da abin rufe hanci da ido, ka sa iska a bayanka ko a gefenka. Ba ci, ba sha, ba taba, kuma idan baki ya toshe kada ka hura da bakinka. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin tanki, a huda ta don kada wani ya zuba abin sha. Kiyaye kwanakin da takardar ta ce a jira kafin shiga gona da kafin girbi. Idan masara ta wuce tsayinka ta fitar da kai, a ganina feshi da injin goyo ya ƙare: maganin a fuskarka zai sauka, tsutsar kuma tana cikin goyo inda ba zai kai ba.

Bayan kwana uku ko huɗu ka koma ka yi ƙirgar W ɗin nan. Ganyen da aka riga aka huda zai ci gaba da warwarowa da hujinsa har mako guda ko fiye, wannan ba ya nufin magani bai ci ba. Tsutsa mai rai za ka nema.

Mataki na bakwai: gwada da kanka

Kowa na da maganin da yake rantsuwa da shi. Wani ya zuba toka, ruwa ya sauka da dare, tsutsa ta ragu, toka ta sami suna. Hanyar raba gaskiya da dace ita ce wadda masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya tsara bayan ya fara aiki a tashar Rothamsted a 1919, kuma har yau a kanta binciken noma yake tafiya. Sharuɗɗanta ba su fi ƙarfin manomi ba: a maimaita, a raba da ƙuri'a, a kwatanta maƙwabci da maƙwabci, kuma a bar wani wuri ba a taɓa ba.

A ce abu biyu kake son gwadawa, ruwan darbejiya da wani maganin kanti. Na uku shi ne fili da ba za ka sa komai ba. Wannan na ukun shi ne ya fi wuya a zuciya, domin za ka riƙa wucewa kana ganin ana cin masararka kana kallo, amma in babu shi gwajin ba shi da ma'ana, don ba za ka taɓa sanin abin da zai faru in da ka zauna a gida ba.

Yanki wani sashe na gonar ka kasa shi gida huɗu, kowane gida ƙasarsa ta zama iri ɗaya gwargwadon iko. Idan gonar gangare ce, gida ɗaya a tudu, ɗaya a kwari, biyu a tsakani. Kowane gida ka sake raba shi fala uku, kowace fala kunya shida mai tsawon mita biyar. Fala 12 ke nan. Rubuta sunayen abubuwa ukun a 'yan takardu, ka naɗe, ka sa yaro ya zaro, ka bi yadda suka fito. Ka sake ƙuri'ar a kowane gida daban. Idan ka zaɓa da kanka, ba tare da ka sani ba za ka bai wa wanda ka fi yarda da shi wuri mafi kyau. Kafa turaku, ka kuma zana taswirar a littafi, domin turaku na ɓata.

Komai sai ya zama ɗaya ban da abin da ake gwadawa: iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, taki ɗaya, noma rana ɗaya. Ranar feshi ka fara da darbejiya kafin maganin kanti, ko ka wanke tanki sosai a tsakani, wani kuma ya riƙe buhu ko leda a kan iyaka don kada feshin ya tsallaka. Kowane mako ka duba tushe goma a kunyoyin tsakiyar kowace fala, ka rubuta masu sabuwar ɓarna. Masu bincike kan ƙara da bai wa ɓarnar maki daga 1 zuwa 9, kai ko gida uku ka yi, kaɗan, matsakaici, mai yawa, ya wadatar, in dai mutum ɗaya ne ke bayarwa daga farko har ƙarshe.

Alƙali na gaskiya shi ne sikeli. Ranar girbi ka bar kunyar gefe ta hagu da ta dama, ka bar rabin mita a kowane baki, ka girbe kunyoyi huɗu na tsakiya tsawon mita huɗu. Idan tazarar kunyoyinka santimita 75 ce, filin da ka girbe murabba'in mita 12 ne. Kowace fala buhunta daban da lambarta a jiki. A shanya su tare har su bushe daidai, a sussuke, a auna. Kilo 3.6 daga irin wannan fala daidai yake da kilo 3,000 a hekta: ka raba da 12, ka ninka da 10,000.

Wajen karanta sakamako, kada ka tsaya ga jimilla. Jera lambobin gida-gida. Idan maganin ya fi filin da ba a taɓa ba a duk gidaje huɗun, kuma ratar ta fi bambancin da ke tsakanin falolin da aka yi wa abu iri ɗaya, to akwai magana. Idan ya ci a gida biyu ya faɗi a biyu, ƙasa ce ke magana, ba magani ba. Kada ka yi mamaki idan falar da ganyenta ya fi muni a wata na biyu ta zo kusa da sauran a kan sikeli, hakan na faruwa. Sannan ka cire kuɗin magani da na aikin feshi daga darajar ƙarin hatsin, ka ga abin da ya saura. Kakar da ke biye ka sake gwajin a wani sashe na gonar da sabuwar ƙuri'a, ka ajiye shafukan biyu a littafi ɗaya, tare da ranakun da aka yi ruwa mai ƙarfi a kowace shekara.